Ganguna Biyun da Suka Tafi Ngueli

Talata. Aikin farko: wanke kwalabe biyu da ruwan zafi, a kife su a rana.

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa ta fari, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa har ya rasa bakin kiran sunan. Allah ya kai ki ɗakinki lafiya ranar Juma'a, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki bayan an sauke ki kowa ya watse. Amin.

Layin da ke sama ba don ke na rubuta shi ba. Na buɗe littafin ayyukan yini ne kamar kullum, na sa aikin farko, sai hannuna ya ƙi tsayawa. Na yage shafin na ci gaba a kansa. Ina zaune a zaure, ina jin dariyarku ke da ƙawayenki ta bayan bango, ana kwaɓa lalle. Taku goma ne tsakanina da ke. Amma kin san ni, kin kuma san yadda aka raine mu: ba zan iya zaunar da ke in dubi idonki in faɗi abin da ke cikin takardar nan ba. Sau uku na tashi tun safe. Na duba kwalaben, na gyara igiyar akuya, na dawo.

Gwaggwanninki za su yi miki nasihar zaman aure, sun fi ni saninsa. Ni abin da na sani shi ne rijiya, kuma ta hanyar ɓarna na san ta. Akwai rijiya a gidan da za a kai ki a Ngueli. Kada ki sha ruwanta, kada ki dafa da shi, kada ki wanke ko shinkafa da shi. Na sa wannan a farko ne don ko takardar ta jiƙe ko ta yage, ya zama kin riga kin karanta shi. Sauran duk bayanin dalili ne, kuma dalilin ni ne.

Kina da shekara tara muka bar gidan kakanku na cikin gari muka ƙaura Walia. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ce, siminti ya fi ƙarfin irina, mai buga takardu a ofishin lise, makarantar sakandare. Mai haƙar rijiya ya sauka gaba huɗu cikin laka mai tsayawa da kanta, sai ya tarar da yashi. In ya fitar da kwando ɗaya, biyu su zubo. Ya fito yana karkaɗe wando ya ce ko dai zoben siminti, ko ganguna a fasa musu kai da gindi a jera su a ƙasa su riƙe yashin. In ba haka ba, shi ba zai koma ciki ba.

Na sami ganguna shida a bayan Babbar Kasuwa, wurin masu tsofaffin ƙarafa. Shuɗɗa ne, masu kauri, ko ɗigon tsatsa babu. Mai sayarwa ya ce na maganin fara ne, irin wanda ake fesawa in fari sun sauko gonaki. "Amma kalas," in ji shi, "an juye, babu komai a ciki." A jikin biyu daga ciki takardar ba ta gama ɓarewa ba. Akwai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, akwai rubutun Faransanci a ƙasa. Na karanta, Uwata. Ki riƙe wannan, don kada wata rana ki yi mini uzuri da rashin sani. Rubutun ya ce kada a sake zuba komai a gangar, a huda ta a kawar da ita nesa da ruwa. Na karanta sau biyu. Na ce a raina, wannan don mutanen da ba su iya wanki ba aka rubuta.

Kwana uku ina wanki. Toka da yashi, sannan sabulu, sannan na cusa kara na kunna wuta a ciki har fentin ya yi baƙi. Hayaƙin ya sa ni amai a bayan katanga, na ɗauka alama ce dafin ya fita. Na rubuta a littafi: "An wanke ganguna, kowace sau uku." Na ja layi a ƙasa, na ji daɗin kaina.

Kin fi ni karatu, kin gama lise, ni a aji na huɗu na tsaya. Don haka nake miki tsoron abin da ya same ni. Ɗan karatun da na yi bai hana ni ba, ƙarfin hali ya ƙara mini. Idan abu ya zo da gargaɗi a jikinsa, wanda ya rubuta ya san abin fiye da ke. A Ngueli kullum za ki ga ana tsallako da jarkoki da galan-galan daga Kusiri, can ƙetaren iyaka, masu kyau, masu arha. Duk wanda ba ki san abin da ya taɓa ɗauka ba, ki bar wa mai shi. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari, ko na kaska, ko na ɓera, kada ya shiga madafarki, kada ya kusanci ruwanki, ko wa ya rantse miki an wanke.

Huɗu suka isa rijiyarmu. Biyu suka rage a jingine a bango, har ranar da Malam Sale ya zo yi mana barka da tarewa. Ke kin san shi a matsayin uban angonki Bashir, mutumin da ranar Juma'a zai zama surukinki. Ni na san shi tun muna yawo ba takalmi. Kakanninmu tare suka taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, tare suka yada zango a bakin kogin Shari suna cewa sai baɗi, har aka binne su a nan. A lokacin ya sayi fili a Ngueli inda yake tara raguna kafin Layya, yana son rijiya a ciki.

"Akawu, waɗannan biyun fa? Ko jiƙa su za ka yi ka sha?"

"Ɗauka," na ce.

Ya duƙa zai kama ɗaya, sai ya ga inuwar hoton nan da wuta ba ta gama cinyewa ba. "Kai, wannan kan mutum fa, na waye?"

"Na wanda bai wanke ba ne."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. "To, kai ne ɗan lekol, mai karatun boko. In ka ce an wanke, an wanke."

Haka aka ɗora su a amalanke. Bai iya Faransanci ba, idona ya ara, ni kuma na karanta masa rabin da nake so. Wata rana wata za ta miƙo miki takardar magani ko kwalba ta ce, amarya, ke da kika yi lekol duba mini. Ki karanta mata duka, har wurin da ba ya miki daɗi. Kuma kada ki yi kyauta da abin da ke kanki kike shakkarsa. Na yi zaton alheri na yi masa. Yanzu ina ganin so nake wani ya shiga ciki tare da ni, don in ƙara yarda cewa ba komai.

Bari in sha ruwa in dawo.

Kakanku yana da wata al'ada da ya gada wurin nasa uban: ba a sakin jiki da sabuwar rijiya sai an saki tarwaɗa a ciki. Tana cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa, kuma muddin aka leƙa aka ga tana motsi, hankali a kwance yake. Na sayo ɗaya mai rai wurin masunta a bakin kogi. Ke kika zura ta cikin guga da hannunki, kika sa mata suna Alhaji saboda gashin bakinta. Ban sani ba ko kina tunawa.

Kwana tara na same ta a saman ruwa, farin cikinta yana kallon sama. Da sassafe ne, ba ku tashi ba. Na fito da ita, na binne a gindin dalbejiya, na hau keke na je bakin kogi na zaɓo wata mai kama da ita. Da rana kika leƙa kika ce Alhaji ya rame. Ta biyu ta yi kwana goma sha ɗaya. Ta uku, shida. Daga nan na ce muku Alhaji ya shige rami ya ɓuya, ba ya son a dame shi.

Jiya na ɗauko littafin shekarar na duba. "Kifi ya mutu. Wataƙila zafi." Bayan shafi shida: "Kifi ya mutu. Wataƙila ba ya son duhu." Tarwaɗa fa, wadda ake ɗaukowa daga kogi a kwando ta yini tana numfashi. Rubutun a tsare, da ranar, da awar da na gani. Mutum mai tsari ne ya yi shi, ba wanda zai ce ba haka ba.

A cikin kwanakin ne mahaifiyarki ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, shayin nan warin kananzir yake."

"Warin sabuwar rijiya ne, zai wuce."

"A gidanmu ma an taɓa haƙa sabuwa, ban ji ta yi wari ba."

"Taku ba ta ganga ba ce."

Ta dube ni, ta ƙara sukari, ta tafi.

Na daɗe ina zaton in na rubuta abu, na yi wani abu a kansa. Ba haka ba ne. Littafi ba ya tashi ya rufe rijiya. Na ga kin ɗauko halina, kina da naki ɗan littafin da kike ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ban taɓa buɗewa ba. Ki rubuta, ba laifi. Amma abin da ya shafi cikin wani, ki faɗe shi da baki a ranar. Idan alama ɗaya ta dawo miki sau uku, ki daina nema mata bayani. Kuma daga ranar Juma'a ke ce mai tukunya. Idan harshenki ya ce ruwa ya sauya, ya sauya. Bashir yaro ne mai fara'a, zai iya mayar da maganar wasa ba da mugun nufi ba. Kada dariyarsa ta sa ki ƙara sukari ki yi shiru.

Da zafi ya tsananta, ruwan ya ja baya har ya koma cikin gangar ƙarshe. A lokacin ne kika fara. Ciwon kai, amai, yawu yana zuba kina barci har matashi ya jiƙe, hannunki yana rawa in kin riƙe alƙalami. Mu manya ciwon kai kawai muke yi, muna cewa rana ce. Ke kuwa kina dawowa daga lekol a ƙafa, ki kafa kai a moɗa ba ki ɗagowa sai kin ga gindinta.

A asibitin unguwa wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu ta buɗe idonki da yatsa, ta daɗe tana dubawa. Ta tambaye ni da Larabci, da ta ga biro a aljihuna ta maimaita da Faransanci: akwai maganin feshi a gidan? Ana ajiye maganin ƙwari kusa da abinci ko ruwa? Mahaifiyarki tana tsaye a gefena riƙe da takalmanki. Na ce babu. Ko kwalba ɗaya babu a gidan, don haka ban yi ƙarya ba. Da wannan na lallashi kaina tun daga ƙofar asibitin har gida. Matar ta sake dubana, ta rubuta maganin zazzaɓi, ta ce a bar ki kwana biyu. Daga can aka wuce da ke gidan kakarki a cikin gari, inda ake shan famfo. Mako biyu kika miƙe garau. Kowa ya ce maganin zazzaɓin ya yi aiki.

Har yau ba ni da takardar da ta ce ruwan ne. Wani lokaci nakan ce wataƙila zazzaɓin ne da gaske. Sai in tuna hannunki.

Idan mai magani ya tambaye ki, ki amsa abin da yake nema, ba kalmomin da ya furta ba. Ki zube masa komai, har abin da zai sa ya raina ki. Raini ba ya kwantar da yaro. Ni na zaɓi mutuncina a gaban matar da ban sake gani ba, kina kwance a tsakaninmu.

Kafin ki dawo na ce yashi ya fara cin rijiyar ta ƙasa, za ta rufta da mutum. Na cike ta da ƙasa da hannuna, na kife tsohon turmi a kai, shi ne wanda kuke zama a kansa kuna tsifa. Muka koma sayen ruwan famfo wurin masu pus-pus, masu turo shi a amalanke. A ranar na rubuta cikin ayyukan gobe: "Gaya wa Sale." Washegari ban je ba, sai na kwafe layin zuwa jibi. Da farko kullum nake kwafewa. Daga baya kowace Juma'a. Daga baya sai in na buɗe sabon littafi. Na ƙirga jiya, layin nan yana cikin littafi goma sha ɗaya, ba a soke shi ko a ɗaya ba.

Uzurina shi ne ba mai kwana a filin, raguna ne kawai. To, shekara biyu bayan haka, gab da Layya, da rani ya ja ruwa ƙasa, raguna bakwai suka mutu masa cikin mako guda suna kumfa a baki. Ya zo ya zauna a nan inda nake zaune yanzu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Akawu, baki ne. Wallahi baki ne. Maƙwabcin nan nawa, tun ranar da ya leƙo ta katanga ya ce kai, ragunan nan, ban sake ganin daidai ba."

"Ko dusar ce?" na ce.

"Dusar da nake ba na gida? Ga su can garau, har tunkuyi suke."

"Allah ya mayar da alheri."

Abin da na ce ke nan. Na zuba masa shayi. Ya daina tara dabbobi a filin, ya ce wurin ya kamu. Ya kuma daina gaisawa da maƙwabcin, wani tsoho mai ɗinkin buhu da bai san hawa ba bai san sauka ba. Har tsohon ya rasu Sale bai je gaisuwa ba. Ni na je, na zauna a bayan mutane.

Uwata, na ɗauka shiru ba ya cutar da kowa, ajiya ce kawai. Ashe in mai laifi ya yi shiru, laifin ba ya zama a wurin, wani ake nema a ɗora wa. A gidan miji za ki fasa abu, za ki ƙona abu, za ki manta ƙofa a buɗe. Ki riga kowa faɗa. In kin bari ya kwana, gobe sai kin faɗi laifin ki kuma faɗi dalilin kwanan. Nawa ya yi shekara goma yana tara dalilai.

Sauran kin san shi. Filin ya zauna, sannan aka fara gini a hankali, sannan Bashir ya fara tsayawa da babur a ƙofar nan yana tambayar ko akwai saƙon Kusiri. Ranar da aka ce gidan Ngueli za a ba ku, na ce a raina ai rijiyar ta daɗe da mutuwa, dole famfo za su nema. Ban tambaya ba. Na ji tsoron amsar.

Shekaranjiya Lahadi na bi motar kayan ɗakinki. Ba aikin uba ba ne, na ce zan duba makullan ƙofofi. Sale ya kama hannuna ya ja ni bayan gida. An yashe rijiyar, an yi mata sabon baki na siminti da murfin ƙarfe, ga sabuwar igiya.

"Ka ga rijiyar 'yarka? Gangunan ubanta ne a ƙasa, har yau ba su motsa ba. Ruwan gidanku za ta ci gaba da sha, ba za ta yi baƙunta ba."

Ya zura guga da kansa, ya cika moɗa ya miƙo mini. "Bisimilla, suruki."

Na kurɓa. Ban sani ba ko wari na ji, ko tunawa na yi.

"Yaya?"

"Da sanyi," na ce.

Jiya na tashi daga ofis da wuri, na je wurin wani da muka yi aji ɗaya, yana aiki inda ake gwajin magungunan dabbobi. Na ba shi labarin kamar na wani ne. Ya ce irin waɗannan magunguna kala-kala ne. Wani yana mutuwa cikin watanni, wani yana zama a ƙasa da cikin tsatsa shekaru da yawa, kuma tunda takardar ta ƙone ba mai iya cewa wanne ne. Ya ce hanci ba ma'auni ba ne. Tafasawa ba ta fitar da shi, ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta da muke ɗigawa lokacin kwalara ba ya taɓa shi, ko kifi ya rayu a ciki ba shaida ba ce. Ya ce in kawo kwalba biyu zai gwada nema, amma da wuya a iya wannan gwajin a nan, wataƙila sai an aika waje, a yi watanni. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Habu, 'yarka ce za ta sha?" Na ce e. Ya ce, "To me kake jira da kwalba?"

An kira la'asar. Zan tsaya a nan.

Na dawo.

Da na fito daga masallaci na tarar da mahaifiyarki a tsaye kan kwalaben, da faranti a hannu.

"Malam, waɗannan na mene ne? Tun safe kake zagaya su, ka shiga zaure ka fito, ka shiga ka fito. Baƙi har sun fara tambaya ko ba ka da lafiya."

Na ja ta gindin dalbejiya, nesa da ɗakinku. Na fara daga kifin, don shi ya fi sauƙi.

"Uku," ta ce. "Ga su nan ƙarƙashin ƙafarka. Kyanwa ce ta tono na ƙarshe."

"Kin sani?"

"Bayan yarinyar ta warke na haɗa. Na ga ka cike rijiya da hannunka har tafinka ya fashe, na ce mutumin nan ya hukunta kansa, ba sai na ƙara masa ba. Shekara goma ina jira ka faɗa da bakinka. To, ka faɗa. Allah ya yafe mana. Bari in kai musu abincin."

"Ba shi ke nan ba."

Ta tsaya. Ita ce ta yi tambayar, a hankali.

"Ganguna nawa ka sayo?"

"Shida."

"Huɗu na ga an zura." Ta dubi ƙofar ɗakinku, ta dawo da ido kaina. "Ina biyun?"

"Ngueli."

Ta sunkuya ta ajiye farantin a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba saboda baƙi, da ma ta ɗaga.

"Ranar Lahadi ni na wanke mata sabuwar randa. Ni na ja ruwan nan guga shida na cika ta, na rufe da faifai, na ce ta tarar da ruwa mai sanyi a ɗakinta. Kana tsaye kana duba makulli."

Ta matso kusa da ni ta ci gaba.

"Gobe in an sallame asuba za ka tafi. In rana ta fito kana cikin gidan nan, ni zan yafa lafayata in je in faɗa masa a gaban 'ya'yansa."

"Kin san Sale. Ga ragunan, ga tsohon nan. In ya ce an fasa fa? Saura kwana uku, an gayyaci mutane."

"Sai a fasa. Mutane su ci shinkafarsu su tafi. Ita dai tana numfashi." Ta ɗauki farantin. Ta yi taku biyu ta juyo. "Takardar nan da kake ta rubutu kuma, na san a ƙasan akwati ka yi niyyar cusa ta, ta gani bayan wata shida. A hannunta za ka ba ta."

Gaskiyarta, a ƙasan akwati na yi niyya.

Don haka ga abin da ke gabanki, ba zan rage miki ba. Ban san yadda Sale zai ɗauka ba. Yana da zuciya, yana kuma da saurin hucewa, amma ban taɓa gwada shi da abu mai nauyin wannan ba. Zai iya korata. Za a iya cewa ubanki ya zo ya ci mutuncin gidan surukai ana saura kwana biyu biki. In auren ya tsaya, kina iya shiga gidan da sunana ya yi ɗaci a cikinsa, a riƙa jefa miki magana a kan abin da kika sha wuyarsa tun kina shekara tara. In haka ta faru kada ki kare ni. Ki ce e, ya yi, ya kuma zo ya faɗa a makare. Kada ki ɗora wa Bashir komai, yana ɗan yaro aka zura gangunan. Ki ba shi takardar nan ya karanta, kada ku fara zama da abin da ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba.

Ko gwaji ya fito ko bai fito ba, rijiyar nan cikewa za a yi, ni zan ɗauki shebur. Kafin a sami wata nesa da wurin, ruwan famfo za ku sha. Kada ki yarda a ce a bar ta don wanki da wanka kawai. Ruwan da ke tsakar gida, wata rana baƙo ko yaro zai sha shi. Randar da mahaifiyarki ta cika kada ki yi amfani da ita, ƙasa tana tsotsa. In an haƙa sabuwa, ki tsaya a kai ki ga abin da ake zurawa da idonki. Ki saki tarwaɗa in kina so, al'adar kakanninki ce, amma in ta mutu ki ɗauko ta a guga ki ajiye a tsakar gida kowa ya gani.

Ki yafe mini ciwon nan. Ki yafe mini Alhaji, da na ce miki ya ɓuya kika yi wata guda kina leƙa shi kina kira. Ba sai kin zo kin ce kin yafe ba, na san kunya ba za ta bar ki ba, ni ma ba za ta bar ni in tsaya in ji ba.

Allah ya tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya sanya albarka a ruwanki da tukunyarki, ya ba ki zuriya mai lafiya, ya sa ki fi ubanki saurin baki a kan gaskiya. Allah ya sanyaya zuciyar Sale. Ya jiƙan tsohon nan mai ɗinkin buhu. Ya kai mu Juma'a lafiya, ko da biki ko babu. Amin.

Ayyukan gobe a nan zan sa su, ba a littafi ba. Zan miƙa miki takardar kafin in fita, ta zauna a hannunki, don kada in sami inda zan kwafe komai zuwa jibi. Akwai biro a kan taga.

Mahaifinki,
Habu

Laraba:

Ba Uwata takarda, a hannu.
Kwalabe biyu a jaka, a naɗe da tsumma.
Kwaɗo don murfin rijiya. Kwance guga da igiya, a taho da su.
Fasa randar. Ruwan a zubar nesa da dabbobi.
Neman mai pus-pus da ke kai ruwa Ngueli.
Aron shebur biyu.
Ragunan bakwai, da tsohon. Kada a tsallake.
Gaya wa Sale, kafin a kawo shayi. Wannan layin ke za ki soke shi in na dawo.